Haikalin Haƙorin Buda a Kandi da Bukukuwansa: Tambayoyi da Amsoshi

A tsakiyar tsibirin Sri Lanka, cikin duwatsun da ake noman ganyen shayi, akwai garin Kandi. A bakin tafkin garin akwai wani farin gini mai jan rufi wanda mutanen ƙasar ke kira Sri Dalada Maligawa. A nan ake ajiye da abin da mabiya addinin Buda suka yi imani cewa haƙorin Buda ne, wato mutumin da ya kafa addininsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai niyyar zuwa, ko mai son sani kawai, ya fi yawan yi.

Mene ne ya sa wannan wuri ya fi sauran wuraren ibadarsu daraja?

Kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen Sri Lanka mabiya Buda ne, kuma babu ƙauyen da ba shi da wurin ibada. Amma na Kandi daban yake, domin ya haɗa addini da sarauta. Tun zamanin da, mutanen ƙasar sun ɗauka cewa duk wanda haƙorin yake hannunsa shi ne ke da haƙƙin mulkin tsibirin. Shi ya sa ba a gina haikalin a bayan gari ko a kan tsauni ba, a cikin harabar fadar sarki aka gina shi. Har gobe, wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa yakan kama hanyar Kandi a kwanakinsa na farko, ya kai gaisuwa. Hukumar UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Ta yaya haƙorin ya zo Sri Lanka, alhali a yankin Indiya Buda ya rayu?

Labarin da suka gada ya ce, da aka ƙona gawar Buda bayan rasuwarsa, an tsamo fiƙarsa ta hagu daga cikin toka, aka kai ta masarautar Kalinga a gabashin Indiya, inda ta daɗe a hannun sarakuna. A ƙarni na 4 yaƙi ya taso wa masarautar. Sai sarki ya damƙa haƙorin ga 'yarsa Hemamala da mijinta Danta, ita kuwa ta ɓoye shi a cikin gashin kanta, suka yi shigar matafiya suka haye teku. Sarkin Anuradhapura na lokacin, Kirti Sri Meghavanna, ya karɓe su hannu bibbiyu. Idan ka shiga haikalin za ka ga hoton ma'auratan nan a bango, ita tana gaba ko gefe, da haske kewaye da kanta.

A farkon ƙarni na 5 wani malamin Buda ɗan Sin mai suna Faxian ya zauna a Anuradhapura, ya kuma rubuta yadda ya ga ana fito da haƙorin ana zagaya gari da shi. Wato bikin da ake yi yau yana da saiwa mai zurfin shekara 1,600.

Daga nan duk inda gadon sarauta ya koma, haƙorin na biye: Polonnaruwa, Dambadeniya, Yapahuwa, Kurunegala, Kotte. Da Turawan Fotugal suka mamaye bakin teku, aka gudu da shi aka ɓoye. Sarki Vimaladharmasuriya na Ɗaya ne ya kawo shi Kandi a shekarun 1590. Ginin ciki mai bene da ake gani yanzu na zamanin Sarki Vira Narendrasinha ne, wanda ya yi mulki daga 1707 zuwa 1739. Hasumiyar nan mai kusurwa takwas da ake yawan gani a hotuna, da ramin ruwan da ke gaban ginin, da tafkin kansa, duk aikin sarki na ƙarshe ne, Sri Vikrama Rajasinha, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1815. Rumfar zinariyar da ke saman ɗakin haƙorin kuwa sabuwa ce, a 1987 aka ɗora ta.

Da gaske haƙorin Buda ne?

Ga masu bin addinin, wannan ba abin tambaya ba ne. Tarihi dai ya ajiye wata gardama: Turawan Fotugal sun yi iƙirarin cewa sun ƙwace haƙorin a 1560, sun kai shi Goa, sun daka shi sun ƙona a bainar jama'a, duk da makudan dukiyar fansa da sarkin Pegu na ƙasar Bama ya yi tayi. Mutanen Sri Lanka suka ce abin da aka daka kwaikwayo ne, na ainihi yana ɓoye a wurinsu. Shawarata ita ce baƙo kada ya ɗauki wannan gardama ya shiga da ita cikin haikalin. Tsohuwar da ta baro ƙauyensu tun cikin dare da furanni a hannu ba ta zo muhawara ba, kuma ba ta cancanci a tsare ta da tambayar da za ta sosa mata zuciya ba.

To zan ga haƙorin da idona?

A'a. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya sayi tikiti. Haƙorin yana cikin batta ta zinariya, battar tana cikin wata, har guda bakwai, kowace an yi mata siffar ƙubba an ƙawata ta da duwatsu masu daraja. A lokutan ibada akan buɗe ƙofar ɗakin da ke bene, layi ya riƙa wucewa, ka hango battar waje daga nesa na 'yan daƙiƙoƙi, masu tsaro na cewa a matsa gaba. Iyakar abin ke nan.

Jefi-jefi akan yi nuni na musamman. An yi a 2009, ba a sake ba sai a watan Afrilun 2025, inda aka shafe kwana 10 ana yi. Jama'ar da ta yi dafifi ta fi ƙarfin garin, layuka suka kai kilomitoci, mutane suka kwana a kan titi, har aka rasa rayuka. Irin wannan lokaci ba na ɗan yawon buɗe ido ba ne.

Wanda ba addininsa ba ne yana iya shiga? Musulmi ko Kirista fa?

Ƙofa a buɗe take ga kowa. Baƙi 'yan ƙasar waje suna biyan kuɗin shiga, 'yan ƙasa ba sa biya. Babu wanda zai tambaye ka addininka, babu wanda zai ce sai ka rusuna, ko ka ajiye fure, ko ka kunna fitila. Masu sayar da furen bado a bakin ƙofa za su miƙo maka, ka girgiza kai da murmushi ka wuce. Abin da ake nema a wurinka shi ne natsuwa da kame baki.

Batun ko ya dace Musulmi ya shiga wurin ibadar wani addini don ganin tarihi, wannan magana ce ta malamai, kuma kowa ya san malamin da yake tambaya. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wurin yake: akwai gumakan Buda da yawa a ciki, ana ibada a gabansu, kuma kai mai kallo ne daga gefe. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana iya zagaya tafkin, ya ga ginin da katangarsa daga waje, ya kalli jerin gwanon biki a kan titi, bai yi asarar tafiya ba.

Wace irin sutura ake shiga da ita?

Wadda ta rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata. 'Yan ƙasar fararen kaya suke sawa, baƙo ba dole ba ne, amma farar riga ko mai haske ta fi dacewa. Mai kaftani ko doguwar riga ba shi da matsala. Ana cire takalmi a ajiye a wurin masu tsaronsa. Da rana daɓen dutsen harabar yakan ɗau zafi sosai, don haka safa tana da amfani.

Inda ake samun saɓani shi ne kai. A al'adarsu buɗe kai shi ne girmamawa, don haka hula sai an cire. Masu gadi suna iya neman mace ma ta cire ɗankwali ko hijabi. Hajiya, gara ki san da wannan tun daga masauki, ki yanke shawararki a can, da a ce sai kin kai bakin ƙofa ana jayayya a gaban jama'a.

Akwai wasu ƙa'idoji da ba sa wasa da su. Ba a juya wa gunkin Buda baya don a ɗauki hoto. Ba a miƙe ƙafa ana nuna tafinta wajen ɗakin haƙorin idan an zauna. Ba a shinshina furen da za a miƙa. Mace ba ta miƙa wa limaminsu hannu don gaisawa. Kuma hukuma kanta tana shiga maganar: a 2014 an kori wata 'yar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buda da ke jikin hannunta. Hoto a harabar ba laifi, amma ban da ɗakin ciki.

Wane lokaci ya fi kyau a je a yini?

Sau uku ake hidimar haƙorin kullum: da asuba wajen ƙarfe 5:30, da hantsi wajen 9:30, sai da yamma wajen 6:30. Limaman manyan zawiyoyi biyu na garin, Malwatte da Asgiriya, su ne ke karɓa-karɓar wannan hidima.

A ganina wannan ibada ta yau da kullum ta fi babban bikin nuna wa baƙo ainihin wurin. A ƙasan benen, tsakanin manyan haurun giwa da aka kafa a bakin wata ƙofa, makaɗa ne tsaye, ƙirji a buɗe, da farin zane da jan ɗamara da farin rawani. Ɗaya yana dukan ganga da sanda a hannu guda da tafi a ɗayan, wani yana kaɗa tagwayen ganguna da lanƙwasassun sanduna, na uku yana busa 'yar algaitarsu mai tsinin murya. Sautin yana dukan ginshiƙan dutse yana dawowa har ka ji shi a ƙirji. A sama kuwa, wani dogon teburi ne ya cika da furanni fari da shuɗi da ruwan hoda, ma'aikaci yana share na dā yana ba sababbi wuri. Mutane na zaune a kan daɓen katako sun haɗa tafukan hannu, leɓɓansu na motsi. Za ka ga uwa rungume da jariri sabon haihuwa a cikin farin tawul, miji na biye da jaka, sun kawo shi neman albarka. Da an buɗe ƙofa sai ka ji murya ta tashi daga ko'ina: "Sadu, sadu, sadu."

Na asuba ya fi sauƙin cunkoso, na yamma ya fi cika da 'yan yawon buɗe ido. Ranar Laraba akwai ƙarin hidima, inda ake wankan alama ga haƙorin da ruwan ƙamshi da aka haɗa da ganyaye da furanni, sannan a raba ruwan ga masu so. Ranar da wata ya cika, wadda suke kira Poya, hutu ce a duk ƙasar kowane wata, kuma haikalin yakan cika maƙil.

Bukukuwa nawa ake yi a shekara?

Manya guda huɗu ne. A watan Janairu akwai bikin sabuwar shinkafa, inda ake kawo nunan fari na gonakin haikalin a miƙa kafin a raba wa sauran wuraren ibada. A tsakiyar Afrilu akwai na sabuwar shekararsu. A Nuwamba akwai bikin fitilu mai suna Kartika, lokacin da ake jera ƙananan fitilun man kwakwa har cikin ramukan da aka yi a jikin farar katangar gaban haikalin. Na huɗun, wanda ya shafe sauran a idon duniya, shi ne Esala Perahera, bikin jerin gwano, a watan Yuli ko Agusta. Kwanakinsa da wata suke tafiya, saboda haka suna sauyawa kowace shekara, hukumar haikalin ce ke sanar da su.

Yaya ake gudanar da Esala Perahera?

Ana farawa a hankali. Akan sare wata matashiyar bishiya a raba ta huɗu, a kafa kowane yanki a ɗaya daga cikin ɗakunan bautar alloli huɗu na garin: na Natha, na Vishnu, na Kataragama da na Pattini. Dare biyar na farko a cikin harabar waɗannan ɗakuna ake zagaye. Sannan a fito titi: dare biyar na zangon farko da ake kira Kumbal, sai dare biyar na zango na biyu da ake kira Randoli, kowane dare ya fi na jiya tsawo da ado, har a kai na ƙarshe da yake faɗawa a kan cikar wata.

A da can bikin na waɗannan alloli huɗu ne, na roƙon ruwan sama. Sarki Kirti Sri Rajasinha ne ya sa tawagar haƙorin a gaba, bisa shawarar limaman da suka zo daga ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, a 1753 ƙarƙashin jagorancin Upali. Shi ya sa a dare guda kake ganin addinin Buda da al'adun da suka yi tarayya da na Hindu a jere.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina zai gane tsarin nan take: kowace tawaga da matsayinta, kowane mai sarauta da gurbinsa, kuma babban yana can tsakiya ana jiran fitowarsa. Da an buga igwa, masu bulala ne ke fara buɗe hanya, suna kaɗa dogayen bulalai da ƙara kamar tsawa. Sai masu wasa da wuta suna juya ƙwallayen wuta a kan igiya da ƙarfe. Sai masu tutoci na tsofaffin lardunan masarautar. Sai wani jami'i a kan giwa, riƙe da kundin ganyen dabino-giginya mai ɗauke da lissafin filaye da hidimomin haikalin. Bayansa makaɗa ɗaruruwa, da 'yan rawar Kandi masu hular azurfa da sarƙoƙin duwatsu a ƙirji, suna tsalle suna juyi a iska. A gefe da gefe masu ɗauke da kwandunan ƙarfe a kan sanda, cike da busasshiyar kwakwa tana ci da wuta, hayaƙinta da ƙamshinta sun cika titi.

Sannan babban toron giwa ya bayyana, an lulluɓe shi da tufa mai ado da ƙananan ƙwayayen lantarki, wasu giwaye biyu na rufa masa baya dama da hagu. Ana shimfiɗa masa farin ƙyalle a gabansa don kada ya taka ƙasa. A bayansa akwai battar zinariya. Ba haƙorin ne a ciki ba, shi ba ya barin ɗakinsa, wannan wakiliyarsa ce. Duk da haka kowa yakan miƙe tsaye, kai ma ka miƙe. A bayan giwar Diyawadana Nilame yake tafe, wato babban mai kula da haikalin wanda ba limami ba, cikin kayan hakiman Kandi na da. Daga nan tawagogin ɗakuna huɗun su biyo, ta Pattini ce ta ƙarshe, kuma a cikinta ne ake ganin mata 'yan rawa.

Bayan daren ƙarshe, da asuba, ake zuwa kogin Mahaweli a Getambe a yi abin da suke kira yankan ruwa: a tsaga ruwa da takobi, a zubar da wanda aka ajiye tun bara, a ɗebi sabo. Da rana a yi zagayen rufewa.

A ina zan tsaya in yi kallo?

Bakin titi kyauta ne, amma iyalai tun da hantsi suke shimfiɗa leda su kama wuri, alhali sai dare ake farawa. Otal-otal da shagunan da ke kan hanyar suna sayar da kujeru a baranda, da tsada, kuma kuɗin yana hawa yayin da ake kusantar daren ƙarshe. Da zarar an rufe hanya ba ka da damar tashi, kuma tafiyar takan ɗauki awa uku ko fiye. Ka ci abinci, ka yi sallolinka, ka kama ruwa kafin ka zauna, ka kuma riƙe rigar ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi ko mai yara ya zaɓi dararen Kumbal. Masauki kuwa sai an kama shi watanni kafin lokacin.

Giwayen fa, ba sa shan wahala?

Tambaya ce da ta dace, kuma su kansu 'yan Sri Lanka suna yin ta. Ba shakka suna ƙaunar giwayen nan. Raja, toron da ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar battar, gwamnati ta ayyana shi dukiyar ƙasa, hotonsa ya hau takardar kuɗi, da ya mutu a 1988 aka yi zaman makoki, kuma har yanzu fatarsa da aka cusa tana tsaye a wani ɗaki a harabar. Amma wanda ya kalli ƙafafun giwayen zai ga sarƙa, zai ga sandar ƙugiya a hannun mai kora, ga wuta ga ƙara dare bayan dare. A 2019 hotunan wata tsohuwar giwa mai suna Tikiri, wadda ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta a ƙarƙashin kayan ado, sun tayar da hankalin mutane a ciki da wajen ƙasar. Ta mutu a shekarar. Ina ganin masu neman a rage yawan giwayen, a hutar da tsofaffi da marasa lafiya, suna da gaskiya. Ta fuskar tsaro kuma, giwa takan firgita a tsakiyar taro, don haka kada ka matsa kusa don hoto.

Akwai zaman lafiya a wurin?

Akwai, amma za ka ga bincike mai tsanani a ƙofa, maza daban mata daban, kuma yana da dalili. A ranar 25 ga Janairun 1998, ana saura kwanaki a yi bikin cikar ƙasar shekara 50 da samun 'yanci, mayaƙan Tamil Tigers, 'yan tawayen da ke yaƙi da gwamnati a lokacin, suka kutsa da babbar mota maƙare da bam. Mutane fiye da 15 suka mutu, gaban ginin ya lalace, amma ɗakin haƙorin ya tsira. An gyara wurin, yaƙin kuma ya ƙare a 2009. Yau abin da baƙo zai fi kula da shi shi ne aljihunsa a cikin cunkoso, da birai masu fizge abinci, da masu cewa su 'yan rakiya ne ba tare da shaida ba.

Musulmi zai sami masallaci da abincin halal?

Sosai. Musulmi sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma sun daɗe a Kandi tun zamanin sarakuna. Masallacin Meera Makam yana cikin gari, tafiyar ƙafa ce daga haikalin. Gidajen abincin Musulmi suna da yawa, ana samun biriyani, da shinkafa da miya iri-iri, da kottu, wato gurasa da ake sara a kan faranti mai zafi tare da nama da kayan lambu. Ba a ce zama bai taɓa tsami ba, domin a Maris na 2018 an kai wa shaguna da masallatai hari a wasu garuruwan gundumar Kandi har aka sa dokar ta-ɓaci. Amma a garin nan ne kuma, lokacin cunkoson 2025, wasu masallatai suka buɗe ƙofofinsu ga masu jiran layi su huta su sha ruwa. A tuna cewa ranar Poya ana rufe shagunan nama da na giya.

Ta ina ake bi, kuma me za a tanada?

Daga Afirka ta Yamma akan sauya jirgi a Doha ko Dubai, a sauka a filin jirgin Bandaranaike da ke arewa da Kolombo. Kandi tana da nisan kusan kilomita 115 daga Kolombo, awa uku zuwa huɗu a mota. Akwai layin dogo da ya haɗa biranen biyu ta cikin duwatsu, sai dai a bincika ko yana aiki, saboda zaftarewar ƙasa takan katse shi. Mai fasfon Najeriya, Gana ko Kamaru kada ya dogara da bizar intanet da 'yan wasu ƙasashe ke samu, ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar tun da wuri, ya kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Kwana biyu sun isa idan ba lokacin biki ba ne. A harabar akwai zauren katako na fada inda aka sa hannu kan yarjejeniyar 1815 da ta miƙa masarautar Kandi ga Turawan Ingila, da gidan tarihin kyaututtukan da aka kawo wa haƙorin, da wani na addinin Buda a ƙasashen duniya. Lambun itatuwa na Peradeniya yana da nisan kusan kilomita 6, ana zuwa a keken a-daidaita.